Kawu Mai Ƙirga Yankan Fim da Carbi

Daga Allah muka fito, wurinsa za mu koma, Kawu kuma ya riga mu tafiya. Ranar Talata ce, bayan azahar kaɗan, ya ce kansa na sara masa. Ya kishingiɗa a tabarmar zaure, bai sake tashi ba. Kafin magariba mun kai shi makwancinsa mun dawo.

Kwana uku ina zaune a ƙofar gidansa a unguwar Ƙofar Dumi cikin Bauchi, ina sauraron abin da masu ta'aziyya ke faɗa a kansa. Liman ya ce bai taɓa waiwayawa sahun farko ya rasa shi ba. Telolin layin suka ce shi ke raba su duk lokacin da suka yi rigima a kan wutar janareta. Wata tsohuwa mai daddawa ta tsaya daga nesa ta ce bai taɓa wuce ta bai tambayi ciwon ƙafarta ba. Duk gaskiya suka faɗa.

Amma wanda ya faɗi Kawun da na sani, tsohon maƙwabcinsa ne, mutumin kudu da Hausarsa ba ta cika raba mace da namiji ba, Kirista, mai shagon kayan janareta a kasuwar Wunti. Tun ina firamare ya tashi daga layin, amma har Kawu ya rasu ba ya kiransa da wani suna sai Maƙwabci. Ya zo ya cire hularsa, ya zauna a ƙarshen benci. Can sai ya ce, ba da kowa yake ba, "To yanzu in Asabar ya zo, da wa zan yi gardama?"

Wasu suka kawar da kai, suna ganin wannan ba maganar zaman makoki ba ce. Ni kuwa a nan ne kukan da na riƙe tun ranar Talata ya ƙwace mini.

Ina wannan rubutu ne don ina tsoron nan da shekara ɗaya Kawu ya koma dattijon kirki kawai a bakin mutane, irin wanda ake yi wa addu'a ba a tuna muryarsa. Akwai kuma laifin da na yi masa, wanda gara in faɗe shi da bakina.

Ranar uku, bayan an yi addu'a an watse, aka ce Inna na kirana. Inna matar Kawu ce, ita ta riƙe ni shekara huɗu ina sakandare. Na same ta a ɗakinta, a kan darduma, ta shiga takaba. Na durƙusa na sake yi mata gaisuwa. Ta ce, "Hoton nan mai motsi da ka ɗauki kawunka bara yana ba ka labari, ina so ranar bakwai, in baƙi sun tafi, ka kawo min in gan shi. Ba na son komai sai shi."

Na ce, "To, Inna."

Na fito, alhali na san babu hoton. Ni da hannuna na goge shi.

Sana'ata ɗaukar bidiyon biki ne da tace shi, ina da ɗan shago a Yelwa. Bara bayan ƙaramar Sallah na kafa kyamara a zauren Kawu, na ce ya ba ni tarihinsa. Ya zauna ya yi magana kusan awa guda, ban tsayar da shi ba ko sau ɗaya. Daga baya na ɗauki wannan awar na tsame minti ɗaya da rabi, na datsa shi gunduwa-gunduwa yadda matasa ke so, na sa masa kiɗa, na tura wa dangi a waya. Da lokacin bukukuwa ya zo kwamfutata ta cika, ga aikin amare uku suna jira, sai na duba manyan abubuwan da suka cinye wuri, na goge asalin. Na ce a raina ai Kawu yana nan, wata rana sai mu sake, har ma in zo da fitila mai kyau. A sanina lokacin, duk duniya ba wanda ya taɓa ɗaukar Kawu yana magana sai ni, domin ba ya yarda.

Kafin a gane girman wannan ɓarna sai an san wane ne Kawu.

Yayan mahaifiyata ne. A ƙuruciyarsa shi ne mai haska fim a tsohuwar silima ta cikin gari, wadda yanzu ta koma wurin ajiye buhunan taki. A lokacin fim a naɗe yake zuwa cikin gwangwanaye, doguwar leda mai hotuna jere. Kafin ya iso Bauchi ya bi garuruwa da yawa, duk ya tsufa ya tsittsinke. Da rana Kawu kan zauna da reza da gam, ya ɗaga ledar sama yana duba ta a hasken taga, ya yanke inda ya lalace, ya haɗa baki da baki. Yakan ce mini, "Ban taɓa yanke hoto ɗaya ban ji zafinsa ba. Wani ya sha wahala kafin ya ɗauko shi." Har ya tsufa, in yana ba da wannan labari, yatsunsa biyu na haɗuwa a iska kamar ledar tana hannunsa.

Cikin duk finafinan da suka bi ta hannunsa, na 'yan leƙen asiri ne suka kama zuciyarsa. Bayan an rufe silima ya koma gyaran rediyo, amma bai rabu da su ba. Kowace Asabar bayan la'asar, tun zamanin kaset har zuwan faifai har aka koma ɗan abin da ake sokawa a bayan talabijin, akwai majalisa a zaurensa. Su huɗu ne ba sa fashi. Kawu, da Maƙwabci, da wani tsohon direban babbar mota, da wani dattijo Bafulatani da ya sayar da shanunsa ya zauna a gari. Ni ne na biyar in aiki ya bar ni, domin ni ke kawo musu sababbin finafinai.

Rigimar ta fara ne da sababbin. A sana'armu, duk lokacin da hoto ya sauya daga wannan gefe zuwa wancan, mukan ce an yanka. Finafinan da, sai a bar kyamara ta tsaya a kan mutum har ya gama tafiyarsa. Na yanzu kuwa, kafin jarumi ya kai naushi ɗaya an yanka sau biyar: ga hannu, ga ido, ga gilashi ya fashe, ga takalmi, ga wani a ƙasa. Kawu ya tsani wannan kamar me. Ya sa masa suna sara-sara.

Bai tsaya a faɗa da baki ba. Da zarar an fara faɗa a fim sai ya ɗauko carbi, duk yanka ɗaya ya ja ƙwaya ɗaya. Da labari ya kai kunnen liman, ya yi masa magana cewa carbin da ake ambaton Allah da shi bai dace da wannan aiki ba. Kawu ya ce gaskiya ne, ya je kasuwa ya sayo wani daban, kore, na roba, ya kafa masa ƙusa a jikin bango kusa da talabijin. Shi ne carbin fim. Yana nan a rataye har yau, ba wanda ya iya sauke shi.

In faɗan ya ƙare sai ya ce a tsayar, ya ɗaga carbin. "Tamanin da huɗu. A ɗaki ɗaya, mutum biyu. Maƙwabci, don Allah gaya min, ina ƙofar ɗakin nan take?"

Maƙwabci ya ce, "Alhaji, kai ka taɓa yin faɗa kuwa? Ni na yi a tasha ina saurayi. Wanda ake duka ba ya ganin ƙofa. Hannu kake gani, ƙasa kake gani, sai ka ji jini a baki. Wannan fim ya sa ka a cikin faɗan. Naka na da, kana zaune a gefe kamar alƙali."

"Ƙarya suke rufewa," in ji Kawu. "Mutumin nan ba zai iya ɗaga ƙafarsa ta wuce gwiwa ba. Shi ya sa ba sa barin ka gan shi gaba ɗaya."

"To zuciyarka ba ya bugawa?"

"Tana bugawa. In aka buga gwangwani a bayan kunnena ma tana bugawa."

Direba shi nasa ƙorafin daban ne. Ba ruwansa da naushi, tseren mota yake jira. Yana goyon bayan Maƙwabci a kan cewa saurin yana sa jini ya motsa, amma ya ce masu yankan ba su san mota ba, domin ya ƙirga jarumi ya canja giya sau goma sha ɗaya a kan miƙaƙƙen titi. Bafulatanin kuwa ya ce shi tuni ya huta da wahala. In aka fara sara-sara sai ya runtse ido, in ƙara ta lafa ya buɗe ya ga wanda ya rage a tsaye, ya ce ai da ma shi ake nema.

Ni a ɓangaren Maƙwabci nake, kuma da hujjata. Na ce, "Kawu, mutanen yanzu in ka bar hoto ya yi sakan biyar bai motsa ba, sun wuce shi da ɗan yatsa." Tun daga ranar ya sa mini suna Mai Almakashi. Ko a gaban surukaina haka yake kirana.

Akwai maganarsa guda da ban manta ba. Wata Asabar muka kalli wani tsohon fim, aka nuna ɗan leƙen asiri zaune a tashar jirgin ƙasa da jarida a hannu, wani mutum yana tahowa daga can nesa. Ba kiɗa, ba komai, mutumin dai yana ta matsowa. Na duba na ga har Maƙwabci ya daina taunar gyaɗa. Kawu ya ce a hankali, "Ka gani? Tsoro a jira yake. Aikin ɗan leƙen asiri kallo ne. Yaya za ka yi fim a kan mai kallo, ka hana ni kallo?" Wani lokaci kuma yakan ce ido ma baƙo ne, sai an bar shi ya yi sallama kafin ya shiga.

Sau ɗaya gardamar ta ɓaci. Maƙwabci ya ji zafin kaye, ya ce, "Alhaji, ba fim ne ya lalace ba, ido ne ya tsufa. Wanda idonsa ya mutu sai ya ce duniya tana gudu." Mun ɗauka Kawu zai yi dariya ya rama. Sai muka ga fuskarsa ta canja. Ya tashi ya kashe talabijin, ya rataye carbi, ya shige cikin gida ko sallama bai yi mana ba. Asabar uku babu majalisa. Duk muka rasa dalili, domin idon Kawu garau yake, yana zura zare a allura ba tabarau.

Abin da ya shirya su rasuwa ce. Matar Maƙwabci ta kwanta ciwo kwana kaɗan ta cika. Bayan an dawo daga kai ta garinsu, mutumin ya rufe kansa a gida, ko shago ba ya fita. Kawu ya kira mai keke napep, ya ɗora talabijin ɗinsa a cinya, ya tafi gidan. Ya ce in tara masa finafinan da suka fi kowanne sara-sara. Mako guda yana zuwa kullum da la'asar, su zauna su kalla. Maƙwabci ya gaya mini cewa a makon nan Kawu bai zo da carbi ba, bai kuma kushe ko ɗaya ba. A rana ta takwas ne Kawu ya ce, "Wannan shirme ne," sai Maƙwabci ya ce, "Ƙarya ne," washegari ya buɗe shago.

Tawa rigimar da shi a kan bidiyon nan ce. Da na gama tace minti ɗaya da rabin nan na kai masa ina ta fara'a. Ya karɓi wayar, ya miƙa hannu ya sauke carbin kore. Ya kalla har ƙarshe.

"Sittin da ɗaya," ya ce. "Mai Almakashi, ina na tafi? Na ga hulata, na ga hannuna, na ga haƙorina. Ka yanyanka ni kamar naman tsire. Ni ina nake?"

Na ce, "Kawu, dangi duk sun yaba."

"Sun yabi kiɗan. Asalin yana nan?"

"Yana nan."

"To ka ajiye shi. Ba don ni ba."

Na ce in sha Allahu. A ranar da gaske yana nan. Ban tambaye shi don wa ba, kuma wata biyu bayan haka na goge.

Daga ranar uku zuwa ranar bakwai ban san ɗanɗanon abinci ba. Na rufe shago, na zazzage duk katin kyamarar da na mallaka, na bi su ɗaya bayan ɗaya. Amare, angwaye, walimar sauka, taron siyasa, babu Kawu. Na ɗauki kwamfutar na kai wa wani gwanin gyara a Wunti, wanda ake cewa yana dawo da abin da aka goge. Ya wuni a kanta. Da yamma ya ce, "Maigida, ka zuba aiki a kan wurin ya fi sau ashirin. Ko ƙurarsa babu." Na tambayi dangi ko na taɓa tura wa wani dogon, ina tambayar ina sanin amsar.

Sai na koma dabara. Na ɗauki guntun na cire kiɗan, na ja kowane yanki ya yi tsawo. Kawu ya fito yana motsi kamar mutum a cikin ruwa, baki na buɗewa ba magana. Na tsorata da abin da na gani, na kashe. Na kuma yi tunanin ƙarya, ba zan ɓoye ba. In ce kwamfuta ta ƙone, ko in ce ɓarayi sun shiga shago. Har na tsara yadda zan faɗa. Mahaifiyata ta dube ni ranar biyar ta ce, "Kai wannan ramar ba ta rasuwa kaɗai ba ce. Me ka yi?" Na ce ba komai.

A ranar ce Inna ta sake kirana, wai in duba mata wayarta ta daina ƙara. Ina gyarawa ta ce, "Ka san me ya sa nake son dogon? An nuna min gajeren a wayar ƙanwarka tun bara, ban ga komai ba. Idon nan nawa da yana ta rufe, sai ya daɗe a kan abu kafin ya gane shi. In na fara kama fuska sai a ɗauke."

Na dakata da gyaran, na dube ta.

Ta ci gaba. "Da can ni da kawunka muke kallon finafinan nan a ɗakin nan, in ya dawo daga kasuwa. Ba wanda ya sani, kunya nake ji. Yana fassara min. Da idona ya fara, sababbin nan suka zo, sai in ga haske kawai yana walƙiya. Wata rana na yi kuka na ce na makance. Ya ce ke, idonki lafiya lau, masu fim ne suka haukace, ni ma ba na ganin komai. Daga nan bai ƙara kawo sabo ɗakin nan ba, sai tsofaffin da na riga na sani."

A nan na gane abin da ya tashe shi daga majalisa ranar da Maƙwabci ya yi maganar mataccen ido. Na kuma gane wadda ya ce in ajiye wa asalin. Na miƙa mata wayarta na fito.

Ranar bakwai aka yi addu'a da safe, aka raba waina da gumba. Kafin la'asar baƙi sun ragu. Ina ta kai da kawo a tsakar gida, ina ɗauke kwanukan da ba aikina ba ne, har ƙanwata ta ce Inna na tambaya ko na manta.

Na shiga na durƙusa. Ƙaryar da na tsara tana bakina, amma da na ga ta gyara zama, ta goge idonta da gefen mayafi tana shirin kallo, sai na kasa.

Na ce, "Inna, babu shi. Kawu ya ce in ajiye, ban ajiye ba. Wuri ya ƙare min, na goge da hannuna. Na nema ko'ina."

Ba ta zage ni ba. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Can ta ce, "Muryar ma?"

"Har muryar."

"To." Ta miƙo hannu. "Kawo gajeren in sake gwadawa."

Na kunna na ba ta. Ta kawo wayar dab da fuskarta, har hasken na wasa a goshinta. Ina jin kiɗan da na zaɓa da kaina, ina jin kamar in nutse. Minti ɗaya da rabi ya ƙare. Ta miƙo mini.

"Ban same shi ba," ta ce. "Je ka, Allah Ya yi maka albarka."

Na fito zaure. Ba kowa sai Maƙwabci, yana zaune a inda ya saba zama ranar Asabar, yana kallon carbin da ke jikin ƙusa. Ya dube ni ya ce, "Mai Almakashi, wa ya sake mutuwa?" Na zauna na kwashe duka na gaya masa.

Ya daɗe yana murza hularsa. Sannan ya zaro wayarsa daga aljihu, ya riƙe bai ba ni ba.

"Ni ma ina da laifi," ya ce. "Asabar biyu kafin ya rasu, ranar da ba ka zo ba, na jingina wayan nan a jikin butar shayi, na juya shi wajen Alhaji. Bai sani ba. So nake in kama shi. Na daɗe ina zarginsa. Na ce in mun taru duka zan nuna, kowa ya gani, gardama ya ƙare. Ban san ko ya dace matarsa ya gani ba."

Na karɓa na duba tsawonsa. Minti goma sha ɗaya, ba yanka ko ɗaya.

Ban tsaya kallo ba, na koma wurin Inna ban san abin da ke cikinsa ba. Na ce, "Inna, ga wani. Maƙwabci ne ya ɗauka a ɓoye. Ba ya magana a ciki, kallo kawai yake." Ta miƙo hannu.

Hoton a karkace yake, gefen buta ya tare kusurwa ɗaya. Kawu na zaune a tabarma, ya jingina da bango, carbin kore a hannunsa, hasken ƙofa a rabin fuskarsa. Ba abin da ke faruwa. Daga talabijin ɗin da ba a gani ana jin mutane na magana ƙasa-ƙasa. Da na ga an kusa minti guda a haka, sai ɗan yatsana ya tafi da kansa zai tura gaba. Inna ta riƙe mini hannu.

"Saurin me kake? Bar shi."

Ta matso da wayar. Ta ɗan ja ta baya. Ta karkata kai. In wannan ma bai yi ba, ba ni da wani abin da zan kawo mata har abada. Minti biyu ya wuce, na uku ya kama.

"Ga shi nan," ta ce a hankali. "Ga shi. Hular nan ma na ce ya bari a wanke."

Sai aka fara faɗa a fim ɗin. Ƙarar gilashi, harbi, taya na kuka a kan titi. Kawu ya fara jan carbi, ɗaya, biyu, da sauri, fuska a murtuke yadda muka san shi. Can sai yatsun suka rage gudu. Suka tsaya. Ya rabu da bango ya sunkuyo gaba, baki a ɗan buɗe. Aka yi wata ƙara ya kauce da kansa gefe kamar shi aka kai wa naushi. Carbin ya zame daga hannunsa ya faɗi a cinya bai sani ba. Da jarumin ya tsira, ko me ya yi oho, Kawu ya yi murmushi har haƙoransa suka fito, irin murmushin da ban taɓa gani a fuskarsa a majalisa ba. Ƙara na lafawa ya farga, ya lalubo carbin da sauri, ya haɗe rai, ya waiwaya wajen su Maƙwabci.

"Casa'in da shida," muryarsa ta fito tar. "Shirme."

Inna ta yi wani sauti, ban san ko dariya ce ko kuka ba. Hawaye na zuba a kan gilashin wayar, ba ta share ba.

"Ashe yana gani," ta ce. "Ashe yana so. Shekara goma sha yana ce min ba ya ganin komai."

Awar nan da ya zauna yana ba ni tarihinsa ta tafi, ba za ta dawo ba, kuma ni na jefar da ita. Abin da ya rage mana na muryar Kawu kalma huɗu ne, su ma ba gaskiya ya faɗa a cikinsu ba. Na kwafe bidiyon a wuri huɗu, ban taɓa ko sakan ɗaya a jikinsa ba, har gefen butar yana nan.

Ya Allah, bawanka ya zo gare Ka. Ka yafe masa kurakuransa, har da ƙaryar da ya daɗe yana yi don kada matarsa ta ji ta makance. Ka yalwata masa kabarinsa, Ka haskaka shi, Ka ba Inna haƙuri, ni kuma Ka yafe mini amanar da na ci.

Da na fito mayar wa Maƙwabci wayarsa, ya tashi tsaye yana duban fuskata. Ya ce, "Ya same shi?" Na ce ta same shi. Ya gyaɗa kai, ya sa hularsa. Bai tambaye ni wa ya ci gardama ba, har yau kuma bai nuna wa direba da Bafulatanin ba. Kafin ya kai ƙofa ƙanwata ta leƙo daga cikin gida.

"Inna ta ce a dakata da wayar. Wai a mayar mata da shi farko."